Zauren Masu Karatu: Tsakanin Tsoffin Anime da Sababbi

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan zaure a wannan wata sun taru ne a kan abu guda, wato fina-finan zane na ƙasar Japan waɗanda matasa ke kira anime. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, dukkansu daga Zamfara, na kuma taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Daga wani ɗalibi a Gusau: Assalamu alaikum Malam. Mun daɗe muna jayayya da yayana. Shi da Dragon Ball Z da Naruto ya taso, kuma yana cewa anime na yanzu ba su da komai sai ado da walƙiya. Ni kuwa da Demon Slayer na fara, kuma da na gwada kallon nasa sai na ga zanen a dushe, labarin kuma yana tafiyar hawainiya. Tunda ka ga jiya ka ga yau, wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka gaishe mini da yayanka, domin daga zamaninsa ni ma na fito. A faifan sidi na fara sanin Dragon Ball Z, irin faifan da ake cusa wa fitowa ashirin har hoton ya koma dishi-dishi, muna kallo a ɗakin wani abokinmu a Tudun Wada, mu fiye da goma a kan tabarma ɗaya, idan an ɗauke wuta kuma mu watse sai gobe. Na faɗa maka wannan tun farko ne domin ka san inda zuciyata ta karkata, sannan ka auna maganata da shi.

A kan zane kai ne da gaskiya, amma ya kamata ka san dalili. A da, kowane hoto da hannu ake zana shi a kan leda mai garai-garai, a shafa masa fenti ta baya, a ɗora shi a kan hoton fili, sannan a ɗauka da kyamara ɗaya bayan ɗaya. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, saboda haka lokacin da Osamu Tezuka ya fara fitar da Astro Boy a talabijin kowane mako a shekarar 1963, da kuɗi kaɗan da ma'aikata kaɗan, dole ya nemi dabara. Ya rage zanen zuwa kamar takwas a daƙiƙa, ya riƙa tsayar da fuska cak a bar baki kaɗai yana motsi, ya kuma riƙa maimaita zane ɗaya a wurare da yawa. Masana'antar ta gaji wannan tsumulmula ta yi shekaru da ita, kuma ita ce kake gani idan jarumi ya tsaya ƙyam gashinsa kaɗai ke kaɗawa. Wajen shekarar 2000 aikin launi da haɗa hotuna ya koma kwamfuta, kodayake har yau hannun mutum ne ke yin asalin zanen. Da Demon Slayer ta fito a 2019, abin da kamfanin Ufotable ya yi da haske da launi ya ba ni mamaki ƙwarai, musamman yadda igiyar ruwa ke bin bakin takobi tana murɗawa kamar an ɗauko ta daga tsofaffin zane-zanen Japanawa. Ba banza ba fim ɗinsu na 2020 ya karya tarihin ciniki a gidajen sinimar Japan, tarihin da Spirited Away na Hayao Miyazaki ya riƙe tun 2001.

A kan tafiyar hawainiya ma ba ka yi ƙarya ba. Yawancin waɗannan labarai daga manga ake ɗauko su, wato littattafan labarin zane da ke fitowa babi-babi a mujallu. Tsofaffin shirye-shiryen suna fita ne kowane mako, rani da damina, alhali marubucin babi ɗaya yake iya zanawa a mako, don haka ba a daɗewa masu talabijin suke cim masa. Idan sun cim masa, ko dai su ja faɗa ɗaya kamar danƙo, ko su ƙirƙiri labarin ciko wanda ba ya cikin littafin. Duk wanda ya kalli Dragon Ball Z yana tuna lokacin da aka ce saura minti biyar wata duniya ta tarwatse, amma aka yi fitowa kusan goma ana gwabzawa. Naruto da ci gabanta sun yi fitowa 720 tsakanin 2002 da 2017, kuma fiye da sulusinsu ciko ne. Yanzu kuwa zango ake yi na fitowa 12 ko 24, a huta shekara ɗaya ko biyu, a dawo da shiri.

Sai dai a nan ne yayanka yake da abin faɗa, ko da bai iya fayyace shi ba. Duk wanda ya taɓa zuwa filin dambe bayan girbi ya san cewa naushin da ke kai mutum ƙasa ba ya ɗaukar ƙiftawar ido, amma ba shi kaɗai ya tara jama'a ba. Kiɗan ne, da kirarin, da zagayen fili, da sanin da 'yan kallo suka yi wa ɗan damben tun yana yaro yana bin manya. Haka tsofaffin anime suke. Akwai wani hoto a farkon Naruto da har yau yake a idona: yaro maraya zaune shi kaɗai a kan lilo a ƙarƙashin bishiya, yana hangen iyaye suna taya 'ya'yansu murnar cin jarrabawa, shi kuwa ya faɗi, kuma babu wanda ya zo dominsa. Malaminsa ne kaɗai yakan kai shi shago ya saya masa taliya. Mun yi shekaru muna tare da yaron nan, muryarsa ta canza tamu ma ta canza, saboda haka ranar da mutanen garin da suka tsane shi suka fito suka ɗaga shi sama, mun san nauyin abin a jikinmu. Fitowa goma sha biyu ba sa iya yi wa mutum haka, komai kyan zanensu. Kuma gaskiya ne cewa kasuwar yanzu ta cika da labari iri ɗaya, na wani matashi da ya mutu ya farka a wata duniya da ƙarfin da bai yi wa gumi ba. Na kalli irinsu da dama, kuma ba na iya tuna sunan jarumin ko ɗaya.

Kuskuren yayanka shi ne yana gwada tsabar da zamani ya riga ya sheƙe da damin da ba a ko sussuke ba. A zamanin da yake yabo ma an yi shirme mai yawa, amma iska ta kwashe shi, aka bar mana abin da ya yi nauyi. Idan ka tambaye ni labarin da ya fi zauna mini a rai a shekaru goman nan, sabo ne, wato Vinland Saga, wanda zangonsa na farko ya fito a 2019, na biyu kuma a 2023. Labarin wani yaro ne a arewacin Turai shekara dubu da suka wuce, wanda aka kashe mahaifinsa a gaban idonsa, ya bi rundunar makashin yana yi musu yaƙi shekara da shekaru, ba don komai ba sai don ya samu ranar ɗaukar fansa. Zango na farko jini ne da takobi. A zango na biyu kuwa sai ga shi bawa a wata gona a Denmak, ba fansa, ba gida, ba abin da ya rage masa, yana sare daji tare da wani bawan wanda mayaƙa irinsa ne suka hallaka danginsa. Ana nuna su suna tumɓuke kututture da dokin aro, suna shuka alkama, suna jiran tsiro, dare kuma ya yi waɗanda ya kashe su zo masa a mafarki. Matasa da yawa sun yi ƙorafin cewa faɗa ya ƙare an koma noma. Ni kuwa da nake zaune a jihar da ramuwar gayya ta tashi ƙauyuka, ta hana manoma zuwa gonakinsu, sai da na dakatar da kallon sau da yawa na yi shiru, domin tambayar da labarin ke yi ita ce wadda muke kwana da ita: wanda hannunsa ya riga ya ɓaci da jini, ta ina zai dawo ya zama mutum?

Saboda haka hukuncina shi ne, sababbin sun fi daɗin ido nesa ba kusa ba, tsaka-tsakinsu sun fi saurin fita daga rai, amma nagartattunsu sun kai na da, wasu ma sun wuce, kuma idan ka lura za ka ga waɗanda suka wuce ɗin su ne suka gaji haƙurin tsofaffin. Ina ba ku shawara ku haɗu a tsakiya. Ku nemi Fullmetal Alchemist: Brotherhood ta 2009, fitowa 64 ce kuma ba ta da jan rai, labarin wa da ƙane ne ma, ku kalle ta tare a allo ɗaya, ba kowa da wayarsa da iyafis a kunne ba.

Daga wata uwa a Talata Mafara: Malam, ɗana ɗan shekara 11 ne, yakan karɓi wayata ya kai shagon masu tura fina-finai a sa masa katun. Rannan na leƙa sai na ga ana sare kawuna, wani wurin kuma 'yan mata da shigar da ba ta dace ba. Ni a sanina katun na yara ne. In hana shi gaba ɗaya?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika leƙa, domin iyaye da yawa da zarar sun ga zane sai hankalinsu ya kwanta. A Japan zane hanya ce ta ba da labari kamar yadda littafi yake, kuma kamar yadda ba kowane littafi ake miƙa wa yaro ba, haka ba kowane anime ba. Su da kansu sun rarraba: akwai na ƙananan yara, akwai wanda suke kira shonen na samari masu tasowa, akwai shojo na 'yan mata, akwai kuma seinen na manya. Attack on Titan, inda ƙattai ke cin mutane ɗanye, ba ta ɗan shekara 11 ba ce. Death Note, wadda jaruminta ke kashe mutane ta hanyar rubuta sunayensu yana ganin kansa mai hukunta duniya, ita ma ba tasa ba ce. Demon Slayer da nake yabon zanenta a sama, sare kai shi ne hanyar kashe dodanninta, don haka ita ma ya jira. Vinland Saga kuwa ko kusa.

Akwai abu na biyu da ba ki ambata ba amma na san zai dame ki. Labaran sun fito ne daga al'ummar da addinin Shinto da na Buda suka yi wa tasiri, saboda haka za ki ji ana maganar alloli barkatai, da ruhohin duwatsu da koguna, da mutuwa a sake dawowa. Babban mutum ya san tatsuniya ce, yaro kuwa sai an gaya masa. Mu ma mun taso da labarin Gizo da Ƙoƙi da dodanni masu magana, amma kakar da ke ba mu labarin tana zaune a gabanmu, kuma idan ta gama takan rufe da ƙurunƙus, mu san an dawo duniyar gaskiya. Abin da wayar ba ta da shi ke nan, kuma ke ce za ki cike wannan gurbi.

Ban ga hikimar hana shi gaba ɗaya ba, domin zai je ya kalla a wayar abokansa inda idonki ba ya kai wa. Abin da ya fi shi ne ke ki zaɓa. Ki aika babban yayansa ko kawunsa shagon da sunayen da kika amince da su, maimakon a bar mai shago ya zuba abin da ke tashe. A nan tsofaffin sun fi amfani. Heidi ta 1974, aikin Isao Takahata, fitowa 52 ce a kan wata marainiya da ke zaune da kakanta a tsaunukan Suwizalan suna kiwon awaki, kuma yaron da ya san akuya da nono da kewar gida ba zai ji ta baƙuwa ba. Idan mai son ƙwallo ne akwai Captain Tsubasa ta 1983, wadda tashoshin Larabawa suka fassara da sunan Kyaftin Majid, har ma ya ƙaru da Larabci idan an samo wannan fassarar. Ko wacce aka kawo, ki zauna ki ga fitowa biyu na farko tare da shi, a tsakar gida ko a falo, kuma waya ta kwana a ɗakinki domin kada kallon dare ya cinye masa sallar asuba da makarantar safe.

Daga wani tela a Ƙauran Namoda: Malam, abokaina sun dame ni da One Piece, amma na ji ta haura fitowa dubu. Anya ya cancanci mutum ya fara, ga tsadar data?

Amsa: Ɗan'uwa, an gaya maka daidai. Tun 1999 ake nuna ta, kuma ta wuce fitowa 1,100. Idan ka lissafa kowace a kan minti 24, ka samu awa 440, wato fiye da kwana 18 ba barci ba ɗinki. Idan kuwa ɗaya za ka riƙa gani bayan isha'i, aikin shekara uku ne. Kada ka ɗauke ta a matsayin bashin da dole ka biya. Ka ba ta fitowa arba'in da 'yan kai, zuwa inda ake warware labarin yarinyar da ke tara kuɗi domin ta fanshi ƙauyensu daga hannun azzalumai. Idan wannan wuri bai taɓa zuciyarka ba, ka ajiye ta da kyakkyawar niyya, domin abin da ke gaba irinsa ne a faɗaɗe. Game da data, fitowar farko-farko an yi su ne domin tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, saboda haka ƙaramin hoto ya wadatar, ba sai ka ƙona kuɗinka a kan mai nauyi ba. Ranar da hali ya samu kuma, ka kalla ta halastattun manhajoji irin su Crunchyroll ko Netflix, domin masu zanen nan suna aikin dare da rana ne a kan lada kaɗan, kuma kai da kake sana'ar hannu ka fi kowa sanin zafin a ci guminka kyauta.

Daga wani malamin makaranta a Tsafe: Malam, shekaruna sun kusa hamsin. Kwanan baya na nemo Voltron da muke rububin kallo a talabijin muna yara, amma ko fitowa uku ban iya gamawa ba. Na ji kamar an yi mini sata. Shin abin ne bai da kyau tun asali, ko ni ne na canza?

Amsa: Yaya, wasiƙarka ce ta fi tsaya mini a rai cikin duka. Voltron da ka sani, wadda ta fito a 1984, Amurkawa ne suka ɗauko wani shirin Japan na 1981 mai suna GoLion, suka yanke wuraren zubar da jini, suka sauya sunaye da muryoyi. Tsarinta kusan ɗaya ne kullum: a turo dodo, zakuna biyar su sha wuya, su haɗe su zama ƙato guda, a zaro takobi, a gama. Yaro yana son maimaici, shi ya sa yake roƙon a sake masa tatsuniyar da ya riga ya haddace, amma mutum mai shekara hamsin ya ga duniya da yawa, ba zai ƙoshi da wannan ba. Saboda haka ka canza, kuma ba laifi ba ne. Sai dai ina zaton ba zakunan kake nema ba. Kana neman yammacin da ake buɗe tasha, da gidan maƙwabcin da ya fi kowa talabijin, da yaran da kuke leƙe tare ta taga, waɗanda wasunsu yanzu sun yi nisa, wasu kuma ƙasa ta rufe musu ido.

Akwai wani sabon shiri da nake ganin ya dace da kai fiye da tsohon, sunansa Frieren, na shekarar 2023. Yana farawa ne daga inda sauran labarai ke ƙarewa, bayan an ci yaƙi an dawo gida. Jarumar wata halitta ce mai rayuwa fiye da shekara dubu, saboda haka tafiyar shekara goma da ta yi da abokanta ba ta ɗauke ta bakin komai ba, ta yi musu sallama kamar za a haɗu jibi. Da ta dawo bayan shekara hamsin sai ta tarar da shugaban tafiyar ya zama tsoho mai sanƙo da sanda, ba a jima ba ya rasu. A bakin kabarinsa ne hawaye ya zubo mata, tana tuhumar kanta da cewa ta san rayuwar ɗan Adam gajera ce amma ba ta yi ƙoƙarin saninsa ba. Daga nan ta ɗauki hanya tana bin garuruwan da suka ratsa tare. A fitowa ta farko kusan duk wannan ya faru, kuma ba na jin ɗan shekara goma sha biyar zai fahimce shi kamar yadda za ka fahimta.

Tsohon ma yana iya dawowa da ransa, amma ba kai kaɗai ba. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, muka wayi gari ba kira ba intanet, sai na tono wani tsohon memori mai ɗauke da farkon Naruto. Na taɓa gwada sake kallonta ni kaɗai kafin nan, na kasa, kamar yadda ka kasa. A wannan karon 'ya'yan ƙanwata uku suna gidana, sai na jingina wayar da fulas ɗin shayi a kan tabarma bayan magariba, suka kewaye ta kawunansu na gugar juna. Ni fuskokinsu na riƙa kallo fiye da allon. Da aka zo wurin lilon nan, ƙaramarsu, wadda ba ta iya karanta fassarar da ke ƙasan allo ba, ta juyo ta ce, "Kawu, ina mamarsa? Me ya sa ba ta zo ba?" Na dakatar da fim ɗin na yi mata bayani, ta yi shiru, sannan ta ce a ci gaba. Mun yi makonni muna haka, fitowa biyu kowane dare gwargwadon cajin da aka samu. Idan kana da 'ya'ya ko ɗaliban da ba su wuce shekara goma ba, Yaya, ka sake kunna Voltron ɗin ranar Asabar da yamma, ka kira su, kai kuma ka koma gefe ka zauna.